Ƙarar Masu Girkin Mombasa a Kan Bwana Lali

Zuwa ga Bi Mwanakombo, tsibirin Faza.

Assalamu alaikum. Daga Sarkin Masu Girki na Mombasa, mai tukwane dubu. Bayan gaisuwa, ƙarar mijinki Bwana Lali na kawo. Ya zo kallon gari da jikanku Famau, yaro mai hankali da kyan fuska. Sun ga tsohuwar ganuwa, sun hau jirgin fito, yunwa ta kama su. Duk gidan abincin da suka shiga, tsohon nan sai ya shinshina ya ce, "Wannan ba girkin Mwanakombo ba ne," ya fice. Masu girkina suna ta kuka. An ce kin rantse ba za ki sake dafa masa shinkafar kwakwa ba, don ya ce girkinki lami ne. Ki janye, mu huta. Wassalam.

Zuwa ga Sarkin Masu Girki.

Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, maƙwabciyar da ta karanta mini ta ce ajaminka kamar kaza ta bi ta kan allo. Yaro mai hankali kuwa, ba ni da shi; wataƙila a hanya aka musanya. Gishiri likita ne ya hana shi, ba ni ba. Shekara arba'in da wani abu ina hura masa wuta, sai a bakin jirgi, gaban mutane, ya ce zai je birni ya ci abinci mai ɗanɗano. Abin ya tsaya mini a rai. Gaya mini tsakaninka da Allah: ya ci wani abu kuwa? Kuma da bakinsa ya ambaci sunana, ko ƙari ne? Ka huta lafiya.

Zuwa ga Bi Mwanakombo.

Sallama da gaisuwa. Tunda kin haɗa ni da Allah: ya ci. Da muka gaji da yawo ya ce mu bi masu turin amalanke, su ba sa kuskuren tukunya. Suka kai mu wani lungu bayan masallaci, gida ko suna babu. Faranti biyu ya share, har da suɗi. Sai dai a loma ta farko ya waiga hagunsa, inda kike zama, ya ce, "Mwana, ɗanɗana ki ji." Da ya ga ni ne, ya goge ido, ya ce yaji ne ya shigar masa. Babu yaji a abincin, Kaka.

Af, na ce Kaka. To, ba sarki ba tukwane, ni ne mijinki na ƙwarai, Famau. Shinshinar nan duk ni na ƙirƙira, zancen waigen nan kuwa wallahi ban ƙara ba. Jirgin Laraba za mu biyo. Tsohon ya gano abin da na yi, yana nemana da sanda, amma shi ya biya kuɗin aika wasiƙar.