Shafin Lissafi a Hannun Mai Ƙosai

Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya jikin Inna?

Makarantarmu ta Bungudu ta koma ga darussan kyauta na intanet, aka sayar wa 'yan kasuwa tsoffin littattafanmu. Na ga amfanin sabon tsarin, shi ya sa ban ce uffan ba. Yanzu sabis ya ɗauke, jarrabawa ta ƙarato, ɗalibaina ba su da littafin dubawa.

Jiya aka ƙunsa mini ƙosai a wani shafi na littafin lissafin da na yi shekaru ina koyarwa da shi. Na kasa ci. Na goge man, da shafin muka yi darasin yau. Anya shiruna ba cin amana ba ne?

Ki sa yaran nan a addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Sa'adatu