Ban Kalli Fuskar Mijinki Ba

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, daga uwarki a garin Manassas, nan Amurka. Na roƙi shugabar zumuntar mata ta karanta wannan takarda ranar Lahadi. An yi ta magana a kaina, gara a ji daga bakina.

Kin san ban so aurenki ba. Karatun jinya ya kawo ki daga Jos, kika kawo mini Bature ɗan cocin Mormon. Ranar ɗaurin aure a waje na tsaya, don ba a barin wanda ba nasu ba ya shiga haikalinsu. Amma da aka ɗaura ya zama surukina, na ba shi kunyarsa. Shekara huɗu ban ci abinci a gabansa ba, kuma tun ranar da kika fara kawo shi ban ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. Kina dariya kina cewa, "Mama, nan fa Amurka ce." Na ce miki ba a barin tarbiyya a filin jirgi.

Sau biyu kika yi yaji. Na farko da leɓe a fashe, na biyu da haƙarƙari a karye, kina jan numfashi da ƙyar. Ya zo biko da farar riga da lakatayi, yana cewa aurenku har lahira aka hatimce shi. Na ce mutumin da ko shayi ba ya sha saboda addini zai gyaru. Da hannuna na sa ki a motarsa.

Ranar Talatar nan da rana na zo gidanku a Woodbridge da miyar kuka a kwano. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da namiji yana fitowa. Na sunkuyar da kai kamar kullum. Ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Mama," yadda kika koya masa. Baƙin takalminsa kawai na gani, a jiƙe. Na ɗauka ruwa ne.

Na same ki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda suke tara abincin shekara bisa al'adarsu. Kina kwance tsakanin gwangwanayen alkama, guduma a gefenki. Ƙeyarki ta fashe. Yatsunki uku sun karye, kin tare da hannu ke nan. Jini ya bi hatsin da ya zube har ƙarƙashin matakala. Na cire ɗankwalina na ɗaure miki kai, alhali na san kin riga kin tafi.

Mijinki ya gaya wa 'yan sanda ɓarawo ne, shi yana wurin aiki. Ɗan sanda ya tambaye ni ko na ga fuskar wanda ya fito. Na ce ban gani ba. Ya ajiye biro ya daɗe yana kallona.

Matan zumunta suka cika mini ɗaki. Kowa na cewa, "Ki ce kin gani, in ba haka ba za a sake shi." Ku da kuke saurare, kun san kanku. Na yi sati ina auna maganarku, har na gwada faɗinta ni kaɗai. Amma sau da yawa na doke ki a kan ƙarya tun kina firamare, Rifkatu. Ban iya ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki in yi ta da sunanki ba.

A kotu lauyansa ya yi ta juya ni, wai matar da ba ta san fuskar surukinta ba me za ta shaida. Na ce na san muryarsa, kuma a nuna mini wani ɓarawo a Woodbridge da zai rusuna ya gaishe ni da Hausa. Aka ce in nuna shi. Ranar na fara kallonsa. Fuska ce kamar ta kowa, 'yata. Shi ne ya sunkuyar da kai.

An yanke masa ɗaurin rai da rai. Dattawan cocinsu sun zo mini gaisuwa, sun ce koyarwarsu ba ta ba shi izinin duka ba. Na karɓa. Nawa laifin babu kotun da ta tambaya. Kin zo gida da ciwo, na ce ki yi haƙuri. Ki yafe mini, 'yar albarka.

Ubangiji ya ba ki hutawa inda babu mai ɗaga miki hannu, ya ba iyaye mata ƙarfin rufe ƙofa idan mai duka ya zo biko. Amin.

Uwarki,
Saratu