Allurar da Aka Hana Ki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kabarinki ya yalwata.

Jiya na raka maƙwabcina asibiti a nan Dutse, kare ya ciji ɗansa a wuya. Aka yi wa yaron rigakafi a hannu, aka ƙara masa wata allura a bakin ciwon. Likita ya ce ita ke tare cutar haukan kare kafin jiki ya fara kare kansa. Fita na yi na zauna a ƙasa.

Ita ce fa, Inna. Ita aka hana ki.

A ƙauyenmu na Buji ne, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Kina sussukar gero, mahaukacin kare ya faɗo gida ya nufi 'yata Hadiza tana rarrafe. Kika yar da taɓarya kika kife a kanta. Ya kama ki a kunci.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya, wata Kirista 'yar Filato, ta wanke ciwon da sabulu, sannan ta ja ni gefe. Ta ce, "Cizon fuska ba ya jira. Akwai kwalba ɗaya ta allurar bakin ciwo a firji, amma sai Oga ya yarda."

Oga, shugaban asibitin, bai ko ɗago ya dube ni ba. Wai an ajiye ta ne saboda iyalan manya. Na je Kano, aka ce ta ƙare. Ina dawowa na tarar da motoci da lasifika suna zaga gari, ana shelar adalci ya iso.

Kika ce, "Auwalu, mai da ni gida, aikina na jirana."

Ciwon ya warke, har muka yi murna. Sai zazzaɓi. Sai kika fara tsoron ruwa, ke da ba kya zama babu alwala. Kina kallon buta kina hawaye.

Bayan rasuwarki matar nan ta zo ta'aziyya. Da na matsa mata, ta ce kwalbar a firji ta lalace, aka zubar.

Ana ce min ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Inna, amma mutum ne ya ce a'a. Yanzu Ogan ya tsufa, nakan gan shi a sahun gaba a masallacin Yalwawa. Kin koya mana yafiya. Wallahi na gwada. Har yau idan ya miƙo hannu, nawa ba ya fita daga aljihu.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya shayar da ke ruwan Alkausara har ki ƙoshi. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don ni na kasa.

Ɗanki mai kewarki,
Auwalu