Madarar Baiwa

Matameye, 9 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga maigidana, Baban Baiwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya zaman Kano, ya aikin dako? Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafarta yana nan yadda ka bar shi. Wani direba mai bin hanyar daji zan ba wannan takarda, tunda har yau sojoji ba su buɗe iyaka ba.

Gonarmu ba ta yi ba. Geron ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Mutanen arewa sun cika bayan tasha, Buzaye da Fulani waɗanda dabbobinsu suka ƙare, kowa ya ɗaura tsumma a gindin gawo ya zauna.

Na samu abin yi. Hajiya Salamatu, uwar ƙungiyar matan unguwarmu, ta kafa tukwane biyu a rumfar da ke jikin masaukin baƙi na Alhaji Shekara, muna dama wa yara kunu kowace safiya. Ni ke damawa, ana ba ni kwano guda in kai gida. Hatsin kuwa daga sadakar Annasara 'yan yawon buɗe ido yake fitowa. Da can ka san yadda suke keto sahara su kwana nan su wuce Kano. Yanzu sai ranar kasuwa suke leƙowa daga Damagaram, mota ɗaya ko biyu. In sun gama sayen tabarmi da takalma, Alhaji ya zagayo da su wurinmu, su sa abin da ya sauƙaƙa a ƙwarya. Da shi yara fiye da ɗari suke rayuwa.

Baiwa ta fara tafiya. Ba ta barin gefen zanena, har Hajiya na kiranta mataimakiyata. Kullum ina nuna mata hanyar kudu ina ce mata can Baba yake.

Ka kula da kanka. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka,
Mariyama

Matameye, 14 ga Fabrairu, 1985

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan lafiya kake. Saƙonka na garin rogo ya iso, Allah Ya saka. Na ji ana kamun baƙi a can, don Allah ka rage fita.

Akwai abin da na yi ba da izininka ba, ya tsaya mini a rai.

Baiwa ta yi ƙyanda, ta tashi, amma zawo ya biyo baya. Ta daina tafiya. Gashinta ya yi ja, in na ɗauke ta kamar na ɗauki faifai.

Alhaji ya daɗe da lura cewa in baƙi suka tarar da yara sun sha kunu suna wasa, kaɗan suke bayarwa. In suka ga wanda ya lalace, sai su zazzage aljihu. Don haka ranar kasuwa yakan zaɓi uwa ɗaya ta zauna a gaba da ɗanta. Wata Buzuwa ce ke zama, to nata ya rasu. Makon jiya Alhaji ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallon Baiwa, sannan ya ce in fito da ita gaba in yaye mata zane. Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba. Hajiya kuwa, hannuna kawai ta ja ta kai ni ɗakin ajiya, ta buɗe buhun ƙarshe, na ga ƙasansa.

Na zauna, maigida. Na kwance mata zane cikin sanyi, mutum shida suka kewaye mu da abin ɗaukar hoto. Baiwa ba ta yi kuka ba, ni take ta kallo. Wata dattijuwa mai furfura a cikinsu ta durƙusa tana hawaye, ta tambayi sunanta ta rubuta. Ranar an sayi buhu huɗu.

Mata suna ta sa mini albarka, ni kuwa ko fuskar Inna na kasa duba. Ka yafe mini.

Matarka,
Mariyama

Matameye, 20 ga Mayu, 1985

Baban Baiwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirina, hannuna ne ya ƙi rubutu.

Allah Ya karɓi abinSa. Baiwa ta rasu ranar Talata da hantsi, kwana goma sha tara bayan takardata ta baya. Na kai ta wurin likita, ya ce ba shi da magani sai Damagaram. Muna tasha muna jiran mota ta cika, na ji ta yi sanyi a bayana. Malam Inusa, limamin unguwarmu, ya yi mata sutura. Allah Ya ba ka haƙuri.

Kafin nan wasu masu kaki sun zo da takarda, wai an hana baƙi ɗaukar hoton mayunwata, ana zubar da mutuncin ƙasa. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Tukwanenmu suka yi mako bakwai a kife. Mutanen bayan tasha suka koma cin dusa da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, kullum sai an fita da gawa, wata rana uku.

Makon jiya sai ga kamiyo, babbar motar kaya, daga Damagaram, shaƙe da madarar gari da shinkafa. Dattijuwar nan mai furfura ce ta aiko. Ta rubuto takarda, malamin lakwal, makarantar boko, ya karanta mana. Wai ta nuna hoton a garinsu, jama'a suka haɗa wannan da sunan Baiwa. Ta ce a aika mata sabon hotonta in ta murmure, mutane su gani su ƙara, wata motar ta biyo baya.

Alhaji ya zo gida, ya zauna a zaure. Na riga na san abin da ya kawo shi. Na ce ya tashi ya tafi, zan yi tunani. Kwana biyu ina damawa ina kallon layin yara, sun kai ɗari uku yanzu. Mata har sun sa wa abin suna, madarar Baiwa. Ni ban iya kai ta bakina ba.

Jiya na zaɓi wata 'yar Fulani marainiya, tsarar Baiwa ce, goshinsu iri ɗaya. Na yi mata wanka, na yi mata kitso, na ɗauko rigar sallar da ka saya wa Baiwa na sa mata. Ni na riƙe ta a cinya a shagon mai hoto na kasuwa. Ya ce in yi murmushi, na yi.

Na tambayi Malam Inusa hukuncin wannan ƙarya, ya sunkuyar da kai ya ce in yawaita istigfari.

Yarinyar ta ƙi yarda a cire mata rigar, na bar mata. In Allah Ya dawo da kai ka hango ta a rumfa, kada ka kira ta Baiwa. Sunanta Jaɓɓa.

Inna tana yi maka ta'aziyya. Ka sa ni a addu'a.

Taka har kullum,
Mariyama