Shirun da Na Yi Ba Yarda Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Sashen Kunne na asibitin da ke duba 'yata a Greensboro,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu a McLeansville, maigidana lafiya yake, autanmu ya warke daga mura. 'Yata ta fari, kurma mai shekara shida da kuka sa wa ranar aikin tiyata, tana cin abinci tana wasa. Ni ce ba lafiya, tun da na ga takardar nan da ta ce na yarda a yi aikin.

Sai da na haifi biyu na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna. Maigidana ya yi alkawarin juya maka wannan wasiƙa zuwa Turanci ba ragi. Kwafi ɗaya zan liƙa a masallaci don sauran iyaye mata.

Na ɗaya. Ranar da ka nuna mana na'urar da za a dasa mata cikin kunne, ka tambaye ni ko ina da magana. Na sunkuyar da kai, aka rubuta cewa uwa ta yarda. A wurinmu mace ba ta magana kan ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira, ga kuma wan mijina zaune. Kunya ce na yi.

Na biyu. Ma'aikaciyarku ta ce mu daina yi mata magana da hannu don ta saba kallon baki. Mun bi umarni. Yarinyar da kullum take ba ni labarin makaranta da yatsunta, yau kwana tara tana zama kan hannuwanta idan na shigo.

Na uku. Malamarta, ita ma kurma ce, ta rubuta mini cewa ɗan sauran jin da ke kunnen zai tafi da aikin, kuma ba ya dawowa. Da kunnen daman nan take jin jirgin ƙasa idan zai wuce bayan gidanmu, ta ruga taga. Kaset ɗin da kuka ba mu yaran da aka yi wa aikin ne kawai suna kiran Mama. Wallahi ni ma ina son a kira ni. Amma ina waɗanda abin bai yi musu ba?

Babanta ya ce idan muka jinkirta lokaci zai wuce mata. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kamar ni.

Ina roƙo a janye takardar, a sake zama da ni da mai fassara mace, a haɗa ni da uwa ɗaya wadda aka yi wa ɗanta aikin bai ji ba, a bar yarinya ta yi magana da hannunta.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare hannunka daga kuskure. A ba ni amsa kafin Juma'a, domin Litinin za ku aske mata kai don aikin.

Sunanta Habiba. Ban taɓa furta shi ba, yau na rubuta.

Wassalam.

Mahaifiyarta.