A Ƙasan Ƙullinki Na Yanke

Zuwa ga matata Saratu, Maman Iliya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, daga gidanmu na Barunde zuwa inda Ubangiji ya ajiye ki. Idan kin tambayi lafiyata, da sauƙi, sai gwiwar nan da kika sani. Ki yi haƙuri da rubutun. Ke kika koya mini baƙaƙen nan da tsufana, kin kuma san iyakar abin da kaina ya ɗauka.

Bayan gaisuwa, laifi na zo faɗa. Na sa wa furenki reza.

Kin tuna ranar da maƙwabciyarmu Maman Chidi ta kawo miki shi daga garinsu can kudu, a ɗan kasko? Babu ƙasa ko kaɗan, sai gawayi da ɓawon kwakwa, saiwoyi a waje kamar yatsun tsohuwa. Ta ce okid ake kiransa. Na ce tun ina yaro nake noma a Kaltungo, ban taɓa ganin shukar kirki ta ƙi ƙasa ba. Kika ce, "Baban Iliya, ba kowace shuka ce dawa ba."

Kika ajiye shi a gindin mangwaro, jikin randa, inda yake da sanyi. Ya fitar da kara guda siriri, ya yi furanni bakwai farare tas. Da nauyi ya sunkuyar da karan, kika kafa masa sille, kika yago bakin tsohon zanenki na zumuntar mata kika ɗaure su tare. Wata uku suna tsaye. Na farko ya faɗi satin da muka kai ki asibiti. Na ƙarshe ban ga faɗuwarsa ba. Ana zaman makoki na tsince shi a ƙasa, wani ya riga ya taka.

Da jama'a suka watse, sai ni da kara tsirara. Na ce a raina yunwa ce ke damunsa. Na ɗebo ƙasa da takin awaki na cika kaskon, ina ba shi ruwa safe da yamma, kamar yadda zan yi wa tumatir. Ganye biyu suka yi rawaya, saiwoyi suka yi baƙi suna wari. Maman Chidi ta leƙo, ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Baba, shi ma binne shi za ka yi?" Maganar na fita ta fashe da kuka. Ita ta zazzage ƙasar, ta wanke, ta cire abin da ya ruɓe. Ban ce mata na gode ba. Kin san ni.

A ranar ta nuna mini gaɓoɓin da ke jikin karan. Ta ce idan fure ya gama zuba, ana ƙirga gaɓa biyu daga gindi, a yanke sama da ta biyun da faɗin yatsa. Daga nan wani reshe kan tsiro ya sake fure. Amma sai karan yana da ɗanye. Idan bushewa ta sauko har gindi, shi ke nan, sai a jira sabon kara, shekara ɗaya ko biyu, idan ma ya ga dama.

Na duba. Ƙullinki yana kan gaɓa ta uku. Na ce ba mai taɓa shi.

Ta yi magana har ta gaji. Ta haɗa ni da Iliya, ya kira ni a waya ya ce, "Baba, fure ne fa kawai." Na kashe wayar. Ni ne fa nake hawa mangwaro da adda ina sare rassa, kina ƙasa kina faɗa, ina ce miki baɗi za ki ga 'ya'ya. Na san amfanin yanka sarai. Amma kayanki an raba, ɗakinki an share, tsintsiyarki ma ta ƙare. Abu guda ya rage a gidan nan yadda hannunki ya bar shi, ƙullin nan ne.

Bushewar ta faro daga sama. Kowace safiya ina sa farce in yi alama, washegari in ga ta wuce. Wata Lahadi na dawo daga coci na tarar ta shige ƙarƙashin ƙyallen. Na zauna kan kujera har rana ta juya. Shekara biyu, Maman Iliya, ba abin da zan ɗauki alkawarinsa ba ne yanzu. Ina so in sake ganin farin nan da idona.

Na sayo sabuwar reza, na gasa ta a garwashi kamar yadda aka ce, na bari ta huce. Na ƙirga gaɓa biyu, na ƙara yatsa, na yanke. Ƙas, ya wuce. Na shafa garin gawayi a bakin ciwon.

Ban kwance ƙullin ba. Sillen na zare daga kasko, na ɗauke shi da guntun karan a ɗaure. Suna cikin akwatinki na ƙarfe, kan zanen da na hana a raba, daidai inda kika yage.

Yau kwana goma sha tara. Gaɓar ko kumbura ba ta yi ba. Maman Chidi ta ce sai sanyi ya shigo za a sani, kuma takin nan ya raunana shi, in shirya wa kowanne. Idan bai fito ba, laifina ne sau biyu: na ba shi abin da bai nema ba, na kuma hana shi abin da yake bukata har lokaci ya kusa ƙurewa. Yanzu sau ɗaya nake ba shi ruwa a sati. Sauran kwanakin ina tsayawa a kansa da moɗa a hannu, in mayar da ruwan randa.

Saratu. Ko da ya fito, zai sunkuya, ni kuma ban iya ƙullinki ba. Ina ta gwadawa a ƙafar kujera. Nawa ko ya shaƙe, ko ya zame.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a wurinsa. Ya yafe mini taurin kan da kika yi ta haƙuri da shi. Ya ara mini kwanakin da zan ga ko fure ɗaya ne a karan nan, idan kuma bai nufa ba, ya sada ni da ke kafin kaskon ya zama wayam. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ne mijinki da ba ya jin magana,
Baban Iliya