Ƙyallen Rawanin Baba

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hadiza da yara. Yaya Damagaram, yaya ciwon ƙafar? Mu muna nan Diffa, Inna tana ɗan taɓa abinci.

Ka tambayi labarin Duna, karen da ke tsaron garkarmu ta tattasai. Tun da muka gudo cikin gari bai daina haushi ba. Can gida ya san kowa, nan kuwa duk wanda ya gitta baƙo ne. Na toshe kafofin zana don kada ya ga hanya, na ƙara masa tuwo, duk a banza. Maƙwabciyarmu ta shigo ta ce, "Falmata, mu daga Bosso muka gudo. Duk haushin da ya yi, sai tsohuwarmu ta ɗauki ƙullin kayanta."

Sai na ɗauko ƙyallen rawanin marigayi Baba, wanda ya yaga ya ɗaure wa Duna baki ranar da muka ɓuya wa 'yan bindiga a bakin kogi. Ban kai ga ɗaurawa ba. Yana ganinsa ya kwanta, ya sa haɓa a ƙasa. Na rataye ƙyallen a jikin zana. Yau kwana tara ke nan bai yi haushi ba. An zo an yi mini godiya, na ce ba komai.

Ka sa mu a addu'a, ka yi wa Baba. Ka gai da kowa. Ka yi haƙuri da gajartar wasiƙar, ni ma a kusa da ƙyallen nake zaune.

Ƙanwarka,
Falmata